Tambaya: Mercedes 240D ƙirar 1982 mai shan dizal, in saya ko in haƙura?

Bazazzagi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masana tsofaffin motoci ku taimaka min da shawara. Akwai wata Marsandi 240D ƙirar 1982, bodin W123 ɗin nan mai zagayayyun fitilu, giyar hannu ce mai huɗu, tana ajiye a garejin wani gida a unguwarmu, mai ita Allah ya masa rasuwa kuma magada sun ce sayarwa zasuyi a raba gado. Motar ta kwana biyu ba'a tada ta ba, tayoyi duk sun zauna, batir babu, amma bodin wlh lafiya lau, fenti ne kawai ya dushe, kujerun ko yagewa basuyi ba. Kuɗin da suka yanka bai kai na Golf 3 mai lafiya ba, ni kuma tun ina yaro nake son irin motar nan.

Matsalar ita ce duk wanda na gayawa sai yace dizal a ƙaramar mota? Bakanikena ma cewa yayi shi bai taɓa kwance injin dizal ba, sai dai in kaita wajen masu gyaran tifa ko janareta, ga kuma tsadar man a gidan mai. Aikin da zan sata ba mai yawa bane, Zariya zuwa Kaduna a ƙarshen mako, wani lokacin Kano, sai kai yara makaranta. Shin kayan gyaranta ana samu kuwa? Ya shan manta yake? Me zan duba kafin in biya? Akwai kuma wanda yace in saya in cire injin in ɗora na fetur na Marsandi 230, ya kuke gani?

Tsohon_Bakanike ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai kar ka bari kowa ya cire maka injin nan, injin shine motar, in na fetur kake so ka nemi 230 tun farko ka bar wannan wa mai sonta. Sunan injin OM616, silinda huɗu ne, lita 2.4, ƙarfin doki 72 a irin na shekarar da ka faɗa, na farko-farko 65 ne. Ba fulogi ba kwayil ba kafireto ba wata kwamfuta, famfon Bosch ne mai layi yake harba mai ta nozul, zafin iskar da fistin ya matse shi ke kunna man. Kuma ƙasan famfon nan baƙin man inji ne yake masa aiki, shi yasa yake jure irin dizal ɗinmu fiye da motocin zamani da ruwa kaɗan in ya shiga sai ka sayi injekta huɗu.

Tunda ta daɗe a ajiye kar a tura ta, kar a ja ta da igiya wai a bata giya ta tashi. A fara zubar da tsohon man da ke tanki a wanke tankin, akwai wata rariya a gindinsa da take toshewa da datti, a canja filtar mai guda biyu, ƙaramar ta roba da babbar mai ɗauri, ayi juye. Sannan a sa soket 27 a kan notin gaban inji a juya da hannu yadda agogo ke tafiya, in ya zagaya sumul ba inda ya cije to alhamdulillahi. Akwai ɗan famfon hannu a jikin babban famfon, da shi zaka bubbuga ka fitar da iska daga layin mai. A ranar da za'a fara tada ta wani ya tsaya da guntun katako mai faɗi a bakin shigar iska, saboda in ƙarfen da ke raba mai a cikin famfo ya maƙale injin zai iya ɗaukar gudu shi kaɗai kuma makulli ba zai kashe shi ba, toshe iskar ne kawai zai tsayar da shi. Kuma dan girman Allah kar ka bari yaran gareji su fesa fetur ko maganin sauro a bakin iska don ta tashi da wuri, wannan yana ƙona hita, wato 'yan sandunan da ke ɗumama cikin inji kafin ta tashi, yana kuma fasa ɗan ɗakin da man ke fara kamawa a cikin kan inji. In hitocin huɗu na aiki batir kuma babba ne mai ƙarfi, zata tashi.

In ta tashi ta ɗumama, kwance murfin zuba baƙin mai ka ɗora shi a sake a kan bakin. In yana ɗan rawa kawai ba komai, in kuwa iska na wurgo shi sama hayaƙi na bulbulowa to ringi sun tafi, sai ka rage kuɗi sosai ko ka haƙura. Farin hayaƙi da sassafe na ɗan lokaci ba laifi bane, shuɗi na nufin tana cin baƙin mai, baƙi kuma yawanci nozul ne ko filtar iska ta toshe. Gwajin gaskiya shine da asuba injin na da sanyi, ba wanda mai sayarwa ya riga ya ɗumama kafin kazo ba.

Abin da yake kashe irin injin nan a ƙasar nan mu kanikawa ne, ba tsufa ba. Da mota ta shigo sai a cire tamostat a jefar wai ƙasarmu da zafi, alhali a wannan injin tamostat ɗin shi ke rufe wata gajeriyar hanya ya tilasta ruwa ya bi ta lagireto, in ka cire shi ruwan sai yayi ta zagaye a cikin inji, kana hawa tudu da kaya sai allura ta tashi. Sai setin bawul, injin nan ba mai saita kansa bane, lokaci-lokaci dole a buɗe murfin sama a saita da hannu, in an bar shi bawul su matse sai ta fara wahalar tashi da safe a ce maka inji ya mutu a sayar maka da wani. Akwai kuma layukan iska siraran nan masu launi-launi da ke cikin bonet, famfon zuƙar iska ne yake ciyar da su kuma shi ke taimakon birki, shi ke kulle ƙofofi, shi ke kashe injin in ka murɗa makulli. In ɗaya ya tsage sai ka cire makulli mota na ci gaba da aiki, kar ka tsorata, akwai ɗan hannu a jikin inji da aka rubuta STOP sai ka danna.

Ni tsatsa ma nafi jiye maka. Ɗaga kafet ka duba ƙasa, duba ƙarƙashin mazaunin batir, ramukan sa jak guda huɗu, gefe da gefen but, da gindin gilashin gaba inda roba ta bushe ruwa ke shiga.

MaiLissafi ya rubuta:

Duk abin da Baba ya faɗa gaskiya ne amma ɗan uwa ka zauna kayi lissafi da aljihunka tukuna. Dizal a Najeriya an daɗe da cire masa tallafi, a 2022 kaɗai ya tashi daga wajen naira 300 zuwa wajen 800 a lita, kuma duk da cire tallafin fetur da akayi a watan Mayun 2023 ya rage tazarar, har yanzu yawanci dizal ne a sama. Eh 240D zata sha maka kamar lita 8 zuwa 9 a kilomita 100 inda 'yar uwarta mai fetur zata sha 11 ko 12, to amma kai da ba kullum kake kan hanya ba yaushe wannan ragin zai biya maka kuɗin tayoyi huɗu, batir, birki, robobin ƙafa da fenti?

Sannan motar nan bata da gudu, kafin ta kai gudun kilomita 100 a awa daga tsaye sai ta ci fiye da daƙiƙa 20, ka tuna hanyar Zariya zuwa Kano da tireloli, in zaka wuce ɗaya sai ka hango nesa sosai. Yawancinsu ba jakar iska ba ABS, kuma yara zaka ɗauka. Ni da nine Corolla zan nema in sa mata tukunyar CNG. In kuma ka nace to tunda motar gado ce a rubuta takarda duk magada su sa hannu da shaidu, ka karɓi takardun asali harda na kwastan, kar bayan ka kashe kuɗi wani ya dawo daga tafiya yace shi ba'a shawarce shi ba.

Dan_Maradi ya rubuta:

Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar ƙaramar mota mai gazuwal, wato dizal, ba abin mamaki ba ce, da ita munka tashi, tunda motocinmu daga Faransa da Beljik suke zuwa ta Kwatano kuma can gazuwal ɗin sunka fi hawa. Fijo 404 da 504 bashe, wato a-kori-kura, su ne sunka yi ta ɗaukar buhunan hatsi da mutane zuwa kasuwannin ƙauye, 504 doguwa kuma tana jigila tsakanin garuruwa. Injin gazuwal nasu ana ce mishi Indenor, akwai mai lita 2.1 akwai mai 2.3 da ke ba da doki 70. Ku can Kaduna kamfanin PAN ya harhaɗa 504 tun 1975 shekara da shekaru amma yawanci masu esansi, wato fetur, saboda esansi ya yi muku arha a lokacin ba wanda ya damu da tattalin mai, shi ya sa kanikawanku na ƙananan motoci ba su saba da gazuwal ba.

In an ce in zaɓa tsakanin 504 gazuwal da wagga Marsandi, gaskiya a hanyar ƙasa mai rairayi da kwazazzabai Fijo ta fi taushi kuma ta fi tsawon ƙafa, amma injin Marsandi ya fi haƙuri. Indenor bai son zafi ko kaɗan, sau ɗaya in ya tafasa sosai sai gaskit ko kan inji ya tsage. Kuma yawancinsu famfo mai juyawa gare su wanda gazuwal ɗin da kanshi ke shafa ma cikinshi, to in ka sha man bakin hanya da anka gauraya da kananzir sai ya cinye famfon a hankali. Haka ma injin XUD na 405 da 306 da 406 na farko, inji ne mai kyau ƙwarai amma bel gare shi ba sarƙa ba, in ya tsinke kana tafiya bawul sun lanƙwashe. Taka sarƙa ce, ba ta tsinkewa haka kawai, sai dai a auna a ga ko ta miƙe.

Batun kuɗin mai mu gwamnati ke yankewa. Gazuwal ya daɗe a sefa 538, a 2022 anka kai shi 668, a 2024 anka rage zuwa 618, kenan mu ma yanzu ya fi esansi tsada, amma duk da haka mai doguwar tafiya bai barin shi. Je ka hanyar Agadas ka gani, Land Cruiser mai injin 1HZ da Hilux su ke shiga inda babu gareji babu rezon waya, saboda inji ne da direba da lakile, wato sifana, guda nawa zai iya gyara shi.

Shawara ta gare ka ka nemi mai gyaran famfo da nozul na gaske, wanda ke da injin gwaji a shagonshi, ba mai kwancewa a kan buhu a ƙasa ba. Kuma ka ƙara mata filta mai raba ruwa da mai kafin filtar asali. In kayan gyara sunka gagara can, nan Maradi ko kasuwar Katako ta Yamai ana samun na kwance. Mota sukutum ce dai ba ka iya ƙetarawa da ita yadda kake so tunda gwamnatinku ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa a Janairun 2017.

Mai_Tsohon_Karfe ya rubuta:

Kai ɗan uwa wlh na taya ka murna tun kafin ka saya, irin wannan a garejin gida ba'a taɓa ta ba yanzu sai an tona. MaiLissafi yayi gaskiya ta fuskar kuɗi, amma ai wanda yake son tsohuwar mota ba don ragin mai yake sonta ba, in Corolla ce ai kowa na da ita.

Mercedes sun fara sa dizal a motar hawa tun 1936 da 260D, kaga kafin su zo kan taka sun shekara arba'in suna gyara abu ɗaya. W123 ɗin an ƙera kusan miliyan 2.7 daga 1976 zuwa 1986, kuma 240D ita ce tasi a Jamus, ita ce kuma babbar tasin Maroko mai ɗaukar fasinja shida tsakanin garuruwa har sai da gwamnatinsu ta fara biyan direbobi su ajiye su su karɓi sababbi. Akwai wani direban tasi a birnin Tasalonika na ƙasar Girka da 240D ɗinsa ƙirar 1976, bodin da ya gabaci naka, ta yi kilomita miliyan 4.6 kuma a 2004 aka kaita gidan tarihin kamfanin a Jamus. Tafiyar raƙumi take yi, ba sauri amma sai ta kai. Batun kayan gyara kuma kar ka damu sosai, injin nan shine a cikin bas ɗin Mercedes 207D, har Indiya ma kamfanin da ake kira Force Motors yanzu ya daɗe yana ƙera shi da lasisi, don haka filta, gaskit, hita, nozul duk suna yawo a kasuwa. Ka leƙa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, in ya gagara Ladipo a Legas. Abin da zai baka wuya kayan ado ne, fitila, ƙarfen gefe mai ƙyalli, robar gilashi, shi yasa nace bodi mai kyau ya fi inji mai kyau daraja.

Ni abin da ke burge ni a zamanin nan na 1970 da wani abu zuwa 1980 da wani abu shine yadda tsadar mai ta sa kowa ya ruga neman dizal har ana aron inji. Ford Sierra 2.3D injin Peugeot ne a cikinta, irin dai na 504 da Dan_Maradi ya ambata, Granada ma haka. Volga ta Rasha da ake sayarwa a Beljiyam ita ma Indenor aka riƙa ɗora mata. Volvo 240 mai dizal kuwa injin Volkswagen ne mai silinda shida da aka ɗauko daga bas ɗinsu LT. Opel Rekord mai dizal zaka gane ta daga nesa saboda ƙusumbin da ke kan bonet, injin ya fi na fetur tsawo sai da aka masa wuri. Nissan Laurel na da LD28 mai silinda shida mai laushin murya, Golf ta farko kuma ta samu dizal a 1976, lita 1.5 doki 50, ita ce ta nuna wa mutane cewa ƙaramar mota ma zata iya. Wanda ya ɓata wa dizal suna a Amurka shine Oldsmobile mai lita 5.7 da suka fitar a 1978, ba su sa masa mai raba ruwa ba, notocin kan inji kuma basa jure matsin, gaskit nata ƙonewa, zuwa 1985 suka daina, Amurkawa suka daɗe suna gudun dizal a ƙaramar mota saboda shi.

In kaga 190D ko V-boot mai dizal a gaba suma ka duba su, injinsu ya fi shiru kuma bawul ɗinsu na saita kansu. Amma daga kan masu injin dizal na zamani irin HDi da CDI da suka fara fitowa wajen 1997 zuwa sama lissafi ya canja, matsin man ya ninka sosai ga kwamfuta, waɗannan kam ban baka shawara ba sai kana da gidan man da ka yarda da shi. Roƙona ɗaya in ka saya kar ka canja mata launi, kar a yanka dashbod a sa talabijin.

Bazazzagi ya rubuta:

Nagode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri. Baba na bi maganarka, mun je da wani mai gyaran janareta mun sa soket injin ya juya ba gardama. Akwai tsatsa a ƙarƙashin batir har ta ɗan huda, amma ƙasan kujeru da ramukan jak lafiya. Mun buɗe gidan tamostat babu komai a ciki, an riga an cire. MaiLissafi na yiwa babban ɗan mamacin maganar takarda yace ba damuwa zasu haɗu su sa hannu, kuma ba zan sayar da wadda nake hawa ba tukuna. Mai janaretan yace gara mu kwance nozul huɗun a kai gwaji tun kafin a tada ta, Baba ya kake gani, ayi haka ko a fara tadawa?

Tsohon_Bakanike ya rubuta:

Yayi daidai ɗana, a kwance su, nozul mai ɗiga maimakon fesawa yana iya ƙona kan fistin. Kafin ku mayar ku ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami, kaɗan fa ba cikawa ba, ku ƙara juyawa da hannu, sannan ku buga sitata nozul na waje har fitila ko allurar baƙin mai ta nuna ya hau. Ƙarƙashin kowane nozul akwai wata 'yar washa ta ƙarfe mai tare zafi, sau ɗaya ake amfani da ita, ka sayi sababbi huɗu kar a mayar da tsofaffi, kuma a lura kar a kifa ta. Siraran tiyon da ke tsakanin nozul da nozul su ma a canja duka, in suka bushe yoyo suke. Tamostat ka nemi na asalin injin mai faranti a gindi, wanda zai rufe waccan hanyar da na gaya maka, a kai lagireto a wanke shi, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske ba ruwan rijiya ba. Hujin ƙarƙashin batir mai walda ya yanke wurin ya sa sabon ƙarfe kafin damina, don ta nan ruwa yake bi ya sauka ƙarƙashin kafet.